Labarin gida ko labarin jarumai da aljanu: wanne ya fi zama a rai?

Maman Ilham:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Jiya wajen ƙarfe biyun dare na rufe littafi na uku na labarin nan na Najib Mahfuz, wanda ya bi gida guda a tsohon birnin Alƙahira tun daga kakanni har jikoki, kuma har yanzu jikina a sanyaye yake. Waɗanda suka san ni a nan sun san ni 'yar littattafan almara ce. Tun ina makarantar kwana nake karanta littattafan yaƙi na Hausa, waɗanda muke karɓowa haya mu karanta da tocila cikin bargo bayan an kashe fitila. Daga baya na koma na Turanci. Na karanta Harry Potter duka bakwai, na karanta Tolkien, na bi The Wheel of Time har littafi na 14. An kashe jarumai ba adadi a gabana, an ƙone birane, ban taɓa kasa cin abinci ba. Amma yau wata mata mai suna Amina, wadda ba ta taɓa riƙe ko sanda ba, ta hana ni karyawa.

Ga abin da ya kama ni. Littafin farko ya buɗe da Amina ta farka tsakar dare ba wanda ya tashe ta, don jikinta ya riga ya san lokacin da maigida yake dawowa daga yawonsa. Sai ta leƙa titi ta tagar katako mai huji-huji, inda za ta ga waje ba a gan ta ba. In ta ji tahowarsa ta ɗauki fitila ta haska masa matakala, ya shigo ya zauna, ta durƙusa ta cire masa takalmi da safa. Shekara 25 tana haka. Ran nan ya yi tafiya, 'ya'yanta suka lallashe ta ta fita ta ziyarci masallacin Husaini, wanda kullum take hangowa daga saman soro ba ta taɓa taka shi ba. A hanyar dawowa mota ta buge ta, ta karye a kafaɗa. Mijin ya dawo ya ji labari, bai ce uffan ba. Ya jira har ta warke sarai ta miƙe, sannan ya ce ta tattara ta tafi gidan uwarta.

Wannan jiran da ya yi shi ne ya tsaya mini a maƙogwaro, domin na san shi. Kakata ta wajen uwa ta taɓa fita gaisuwar rasuwar ƙanwarta alhali kakanmu ba ya gari. Da ya dawo bai yi magana ba sai da aka yi sadakar arba'in, washegari ya ce ta tafi gida. Mahaifiyata tana 'yar shekara tara a lokacin, ita ta ɗaukar mata ƙullin kaya har bakin tasha. Sau ɗaya ta taɓa ba ni wannan labari, a taƙaice, tana tsince shinkafa ba ta ko ɗago kai ba.

Tambayata biyu ce. Me ya sa mutuwar mutum dubu a littafin almara ba ta yi mini ciwon da korar mace ɗaya ta yi mini? Na biyu, ina namu littafin na Hausa da ya bi gida ɗaya haka, daga kaka zuwa jika?

Ɗan Fagge:
Wa alaikumus salam Anti. Tambayarki ta biyu zan bar wa manya, amma ta farko ban yarda da yadda kika ɗora ta ba. Kin auna almara da yawan gawarwaki, alhali ba nan ƙarfinta yake ba. Ki tuna ƙarshen The Lord of the Rings na Tolkien. An ci yaƙi, an naɗa sarki, kowa ya koma gida. Sam, abokin tafiyar Frodo jarumin labarin, ya yi aure ya haifi 'ya. Frodo kuwa ya dawo garin da ya sha wahala dominsa amma ya kasa zama a cikinsa, duk shekara ranar da aka soke shi ciwon sai ya tashi, har dai ya bar garin ya hau jirgin ruwa.

Yayana soja ne, ya yi shekara huɗu a arewa maso gabas. Da ya dawo an yi murna, an yanka rago. Yanzu in an taru ana hira a tsakar gida, shi yana can bakin rijiya zaune a kan turmi yana kallon ƙasa. Umma tana cewa sammu aka yi masa. Ni ban gane halin da yake ciki ba sai da na sake karanta waɗannan shafukan na ƙarshe. Tolkien da kansa ya yi yaƙin duniya na ɗaya, yana fagen Somme a Faransa a 1916, kuma a shekarar ya rasa abokansa biyu na kusa. Fadamar nan da Frodo ya ratsa, inda ake ganin fuskokin matattu a ƙarƙashin ruwa, shi da kansa ya ce akwai abin da ta ɗauko daga abin da ya gani a can. To ki ce mini wannan bai zama a rai?

Maman Ilham:
Allah ya ba yayanka lafiya, ƙanena, ya dawo masa da natsuwarsa. Gaskiyarka, na manta da wannan wurin. Amma ka lura, misalin da ka kawo ma ai na komawa gida ne. Ba ka kawo mini fagen fama ba.

Ɗalibin Azhar:
Hajiya, kin taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Ina shekara ta uku a Alƙahira, kuma masallacin Husainin da Amina ta je tsallaken titi ne daga masallacin Azhar. Sunayen littattafan uku, Bainal Ƙasraini da Ƙasrush Shauƙ da Sukkariyya, duk sunayen tituna ne na wannan tsohuwar unguwa, kuma shi Mahfuz a unguwar Jamaliyya aka haife shi a 1911. Na farkon ya fito a 1956, sauran biyun a 1957, ya samu kyautar Nobel a 1988. Abin da ya girgiza ni shi ne ranar da na taka da ƙafata daga Bainal Ƙasraini zuwa masallacin. Tafiyar 'yan mintuna ce, ko gumi ban yi ba. A kan wannan 'yar tazarar aka kori uwar 'ya'ya huɗu.

Har yau Misirawa in suna son kwatanta miji mai mulkin mallaka a gida sai su kira shi Si Sayyid, sunan mijin Amina. Amma Mahfuz bai zana shi dodo ba, kuma nan ne gwanintar take. A gida ba a dariya in yana nan. A waje kuwa ba wanda ya kai shi raha da kyauta da son abokai. Akwai inda babban ɗansa Yasin ya leƙa ta ƙofa a gidan wata mawaƙiya ya ga mahaifin nasa riƙe da ganga yana kaɗawa yana dariya, ya tsaya kamar an dasa shi, don bai taɓa ganin haƙoran uban ba. Sai kuma ranar da aka zo shago aka gaya masa sojojin Ingila sun harbe ɗansa Fahmi a zanga-zangar 1919, ya rasa yadda zai shiga gida ya gaya wa Amina.

'Yar Damagaram:
Haba malam! Don Allah ku riƙa gargaɗi kafin ku tona abin da ke gaba. Ina tsakiyar littafin farko, Fahmi ne na fi so a gidan duka. Yanzu da wace zuciya zan ci gaba?

Ɗalibin Azhar:
Ki yi haƙuri 'yar uwa, wallahi kuskure ne, na ɗauka kowa ya wuce wurin. Ki ci gaba dai, sanin abin da zai faru ba zai rage miki komai ba.

Abu Sumayya:
Ni ina da magana, kuma ina roƙon a fahimce ni. Duka ɓangarorin biyu suna damuna. Na almara cike suke da sihiri da bokanci, ana nuna mai tsafi a matsayin jarumi, yaro ya tashi yana sha'awar abin da addini ya hana. Wannan na Masar ɗin kuma, daga bayaninku, uba ne mashayi mai bin gidajen mawaƙa. Wane amfani mutum zai samu in ya ɓata dare yana karanta aibin wani gida? 'Yata tana aji biyu na babbar sakandare, na ga irin waɗannan littattafan a wayarta, shi ya sa nake tambaya da gaske.

Anti Malama:
Malam, tambayarka ta uba ce kuma tana kan hanya. Ni Hausa nake koyarwa a sakandare shekara 19, bari in ba ka amsa daga aji.

Aljanu da abubuwan al'ajabi ba baƙi ba ne a adabinmu. Littattafan da suka fito daga gasar da aka shirya a Zariya a 1933, aka buga su a 1934, a cikinsu akwai Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara. Ganɗoki ya fara da yaƙi da Turawa, daga baya ya faɗa cikin aljanu. Ruwan Bagaja ma sai da Alhaji Imam ya shiga duniyar aljanu kafin ya samo ruwan. Iyayenmu sun karanta su a makaranta, malamai ne suka rubuta su, kuma ba su raba kowa da sallarsa ba. Abin da nake dubawa a littafi shi ne inda ya ajiye zuciyar mai karatu, ko wajen zalunci ko wajen wanda aka zalunta. Hukuncin shari'a kuwa na malamai ne, ba zan yi karambani ba, ka tambayi wanda ka amince da iliminsa.

Shawarata game da 'yarka, ka karɓi littafin ka karanta babi biyu ko uku, sannan ka tambaye ta wa ta fi so a ciki kuma don me. Akwai waɗanda ba na yara ba ne sam. Na George Martin, alal misali, ba zan ba ɗalibata ba ko da wasa, akwai batsa da zubar da jini da suka wuce kima. Amma in ka ƙwace waya kawai, gobe za ta karanta a ta ƙawarta, kuma ba za ta sake gaya maka abin da take karantawa ba.

Abu Sumayya:
Na gode Malama. Zan gwada karantawar. Amma ina nan a kan bakana cewa littafin da ya nuna mai laifi ya kamata ya nuna sakayyarsa.

Baba Mai Ritaya:
Yara, na daɗe ina bin maganarku. Ni ina ganin kun raba abin da ba ya rabuwa. Malama ta ambaci Ruwan Bagaja. Me ya fitar da Alhaji Imam daga gida? An kunyata uban da ya riƙe shi a gaban fada saboda ya ce ruwan Bagaja ne maganin ɗan sarki, shi kuma ya tashi ya wanke masa wannan kunya. Magana Jari Ce fa? Sarki ya tafi yaƙi, waziri yana ƙulla makirci a kan gadon sarauta, aku yana ta zuba labari don ya tsare yarima a gida. Ku cire aljanun ku ga abin da ya rage. Gida ne da gado.

Jikana ya sa ni na kalli wani ɓangare na fim ɗin da aka yi daga littattafan Martin, ban iya gamawa ba saboda dalilin da Malama ta faɗa. Amma na ga abin da ake yi. 'Yan ubanci ne tsagwaronsa. Jikan ya ce mini marubucin ya ɗauko tushen abin daga yaƙin da gidan York da gidan Lancaster suka yi a Ingila tun daga 1455, wajen shekara 30 suna abu ɗaya, kuma gidajen biyu jikokin sarki ɗaya ne. Na ce masa ai mu ma muna da namu. Da Sarkin Kano Bello ya rasu a 1893, Sarkin Musulmi Abdurrahman ya naɗa ɗansa Tukur. Yusufu ɗan Abdullahi Maje Karofi da 'yan uwansa suka ƙi, suka fice zuwa Takai. Bello da Abdullahi kuwa duk 'ya'yan Dabo ne, wato 'ya'yan wa da ƙani ne suka ja daga. Yusufu ya rasu ana cikin yaƙin, Alu ya karɓi jagoranci ya shiga Kano, aka kashe Tukur a 1895. Wannan shi ne Basasa. Kakata ta wajen uba an haife ta bayan abin da 'yan shekaru, amma har ta rasu akwai gidan da ba ta cin abincinsu, kuma ba ta taɓa gaya mana dalili ba. In ana neman littafi mai juzu'i bakwai, ga shi nan a ƙofar gidanmu.

Ɗan Fagge:
Allah ya ƙara girma Baba. Wannan shi ne abin da nake ta son faɗa na kasa. Da aka sare kan Ned Stark, uban gida a littafin Martin na farko, kwana uku ban sake buɗe shi ba. Abin da ya tsaya mini shi ne 'ya'yansa mata biyu suna wurin, ɗaya a kan dandamali, ɗaya a cikin taro wani ya rufe mata fuska kada ta gani.

Maman Ilham:
Baba, na karɓi maganarku, amma a ba ni dama in ƙara abu ɗaya. Gaskiya ne duka labarin gida ne. Sai dai a littafin almara gidan sarki ake nuna mana, kuma ɗan da ake bi shi ne wanda aka yi alkawarin zuwansa, mai tambari a goshi ko mai jinin sarauta. Matar da ta dafa wa rundunar abinci ba ta da suna. Shi Mahfuz ya shiga ɗakin girki ya zauna. Ya nuna mana Amina tana kwaɓa fulawa da asuba, ya nuna yadda take tara 'ya'yanta da yamma ana shan gahawa a gefen kaskon wuta, lokacin da kawai ake sakin jiki a gidan. Ina jin shi ya sa ya fi yi mini ciwo. Ban taɓa zama yarima ba, amma na zauna a gefen irin wannan kaskon.

Alƙalamin Dare:
Bari in amsa tambayar Anti ta biyu, tunda ni ina cikin masu rubutun. Shekara shida ina sakin labari a WhatsApp da Wattpad, shafi-shafi, wasu kyauta wasu na kuɗi. Dalilin da ya sa ba kwa ganin labarin kaka da jika shi ne masu karatu ba sa barin mu tsufar da jaruma.

Na gwada. Na rubuta labarin wata yarinya tun daga zance har aure har haihuwa, mutane suna bi kamar me, kullum wayata cike da saƙon “Anti a ƙara mana”. Da na zo kashi na biyu sai na tsallake shekara 22, na dawo da ita uwar 'yan mata, ta yi ƙiba, gwiwa tana damunta, mijin ya ƙaro aure, labarin ya koma kan 'yarta ta fari. Wallahi cikin mako biyu zauren ya yi tsit. Wata ta rubuto mini cewa na ci amanarta, ita ba ta biya kuɗinta don ta ga jarumarta tana shafa man zafi ba. Na yi kuka ranar. Daga baya na janye kashin na sake rubuta shi yadda suke so, kuma har yau ina jin na zalunci wannan labarin.

Ga kuma yanayin rubutun. Wanda yake sakin shafi kullum ba shi da damar ya zauna ya tsara zuri'a ta shekara 50, ya san wa ya haifi wa, wace shekara aka yi fari, nawa ake sayar da kwanon gero a lokacin. Yau ka rubuta, yau ka saki, gobe ana jiran wani. In kin yi kwana uku shiru an koma wajen wata.

Anti Malama:
Ƙanwata, kin faɗi gaskiya mai ɗaci, amma kada mu ce babu sam. Alhaki Kuykuyo Ne na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990, ai da uwar 'ya'ya tara ya fara. Rabi ba budurwa ba ce. Alhaji Abdu ya auro Delu ya kore ta da 'ya'yanta, ta kama sayar da abinci ta riƙe su, labarin ya bi ta ya kuma bi 'yarta Saudatu har ɗakin miji. Uwa da 'ya ke nan, hawa biyu. An fassara shi zuwa Turanci a 2012, wani kamfani a Indiya ya buga. Kuma mata sun saye shi sun karanta a lokacinsa, ba su ce a mayar musu da Rabi 'yar shekara 18 ba. Don haka masu karatun suna nan, wataƙila dai ba su ne suke cika zaurukan WhatsApp ba.

Inda ya bambanta da na Masar shi ne abin da Abu Sumayya yake nema. Alhaji Abdu ya ga sakayya da idonsa, shagonsa ya ƙone, arziki ya tafi. Sunan littafin ma ya riga ya gaya maka. Yawancin labaranmu haka suke, dole a rufe da hisabi kafin shafin ƙarshe.

Maman Ilham:
'Yar Damagaram, ki tsallake wannan saƙon nawa don Allah, zan taɓa ƙarshe.

Malama, nan ne fa na rasa inda zan tsaya. Na shiga littafi na uku ina jiran ranar da Si Sayyid zai ga sakayya. Shagonsa bai ƙone ba, ba wanda ya tona masa asiri a bainar jama'a. Tsufa kawai ya yi. Abokan suka mutu ɗaya bayan ɗaya, likita ya hana shi abin da yake so, ƙafa ta ƙi ɗaukarsa. Mutumin da ya kori matarsa don ta fita sau ɗaya, ga shi kwance yana jiran ta dawo daga ziyarar masallatai ta ba shi labarin gari, don yanzu ita ke fita kullum shi ba ya iyawa. Daren da jiragen yaƙi suka kawo hari, ɗaukarsa aka yi aka mayar gida. Ina karantawa ina jin haushin kaina, don tausayinsa nake ji, ni da na tsane shi tun shafin farko. Kuma da ya mutu Amina ta yi kukansa da gaske. Jikokinsa biyu kuwa, 'yan ɗaki ɗaya, ɗaya ɗan Ikhwan, wato ƙungiyar 'Yan Uwa Musulmi, ɗaya ɗan gurguzu, a tare aka kama su aka rufe. Labarin da ya fara a 1917 ya tsaya a 1944 da Amina a kwance ba ta motsi, 'ya'yan gidan biyu sun shiga kanti, ɗaya yana sayen kayan jariri, ɗaya yana sayen baƙin laƙataye na zaman makoki.

Abu Sumayya, ban sani ba ko wannan ya isa sakayya a wajenka.

Abu Sumayya:
Hajiya, hisabi na gaskiya ai ba a duniya yake ba, wannan na sani. Abin da nake tsoro shi ne yaro ya karanta ya ga an yi an wanye lafiya. Amma yadda kika kwatanta kwanciyar nan tasa, ba zan ce ya wanye lafiya ba. Zan yi tunani a kai.

Ɗan Fagge:
Akwai wani ciwo na masu bin almara da ba a ambata ba, shi ne jira. Martin ya fitar da na farko a 1996, na biyar a 2011, ya ce bakwai za su zama, tun lokacin ake jiran na shida. Robert Jordan ya fara nasa, The Wheel of Time, a 1990, ya rasu a 2007 yana da 11, sai Brandon Sanderson ne ya ƙarasa ukun ƙarshe daga bayanan da ya bari, na ƙarshen ya fito a 2013. Akwai waɗanda suka fara karantawa suna samari suka gama da 'ya'yansu a sakandare. Ni ma akwai wani labarin yaƙi na Hausa da nake bi a intanet, marubucin ya tsaya a daidai inda jarumin ya faɗa rijiyar aljanu, shekara uku ke nan ba ci gaba, ba bayani. Kusan duk wata sai na leƙa.

Alƙalamin Dare:
Ka yi masa uzuri, ƙanena. Sau da yawa rashin lafiya ne, ko aure, ko waya ta lalace da rubutun a ciki, ko kuma an kwafe littafin ana rabawa kyauta har ya ga ba riba. Ni ma akwai wanda na bari a rabi, kuma duk ranar da na tuna shi sai na ji kamar na bar yaro a tasha.

'Yar Damagaram:
Na tsallake kamar yadda kika ce, Anti, na gode. Ina so in kawo wani littafi da ya haɗa abin da kuke rabawa. Na karanta shi da Faransanci a jami'a, na Gabriel García Márquez ɗan Kolombiya, wanda ya fito a 1967, labarin shekara ɗari na gidan Buendía a wani gari Macondo. Zuri'a ce hawa bakwai, kuma abubuwan al'ajabi suna faruwa a tsakar gida ba wanda ya ɗaga murya. Wata budurwa tana taya ninke zannuwan gado sai iska ta ɗauke ta ta yi sama, matar gidan kuma abin da ya dame ta shi ne zannuwan da suka tafi. Marubucin ya ce daga kakarsa ya koyi wannan salon, don tana ba da labarin abin mamaki da fuskar da take ba da labarin abin yau da kullum. Ina karanta haka na tuna tawa kakar a Zinder. Za ta ce maka aljana ta ari turminta jiya da dare ta dawo da shi da asuba, da muryar da za ta ce maka gero ya hau a kasuwa.

'Yan ajinmu da yawa sun yi ƙorafin sunaye, don maza duka José Arcadio ne ko Aureliano, har akwai 'ya'ya 17 na mutum ɗaya kowanne Aureliano. Ni ko kaɗan bai ruɗa ni ba. A gidanmu Mahamadu biyar ne, duk sunan kaka, shi ya sa ake kiran wani Abba, wani Baffa, wani Walid, wani Ɗan Tsoho. Kuma ana sa ido a ga ko yaro zai ɗauko halin mai sunan. Tsohuwar gidan, Úrsula, ita ma abin da take yi ke nan, ta wuce shekara ɗari tana kallon hali ɗaya yana dawowa a jikoki.

Baba Mai Ritaya:
'Yata marubuciya, kada ki yar da wancan kashin da kika janye. Ki adana shi. Kuma in za ki koma kansa, kada ki fara da zance da lefe. Ki samu tsohuwa ki tambaye ta kayan ɗakinta, tasoshi da fanteka da gadon ƙarfe, wa ya saya mata, ina suke yanzu, wa ya gaji wanne. Da matata ta rasu aka zo rabon kayanta, a kan wata tsohuwar tasa guda ɗaya na ji labarin aure uku da saki biyu da ban taɓa sani ba, ni da na zauna da ita shekara 41.

Alƙalamin Dare:
Allah ya jiƙan Mama, Baba, ya sa ta huta. Yana nan a tsohuwar wayata, ban goge ba. Zan nemo caja in duba.

Maman Ilham:
'Yan uwa, na dawo. Bayan sallar isha'i na kira mahaifiyata, na tambaye ta yadda aka yi kakata ta koma ɗakinta, don ban taɓa jin wannan ɓangaren ba. Ta yi shiru har na ɗauka layin ya yanke. Sai ta ce wata bakwai ta yi a gida. Kakanmu bai aika kowa biko ba, kuma mazan dangi duk tsoronsa suke ji. Kishiyarta ce, amaryar da kowa yake cewa ita ta fi kowa cin ribar tafiyar, ta daina ɗora tukunya. Ta ce ba za ta sake girki a gidan ba sai Yaya ta dawo. Kwana huɗu ana sayen abinci a waje, a rana ta biyar ya ba ta kuɗin mota ta je da kanta ta taho da ita.

Wannan matar na san ta. Ita ce tsohuwar da muke kira Inna Ƙarama, mai ba mu alewar madara in mun je hutu, ta rasu ina aji uku. Ban taɓa tambayar kowa komai a kanta ba.

Mama ta ce me ya tayar da wannan magana yanzu. Na ce wani littafi na karanta. Ta ce in zo ranar Juma'a bayan an sauko, akwai sauran, ba na waya ba ne. Ɗan Fagge, littafin farkon yana wajena in kana so, amma sai 'Yar Damagaram ta gama nata tukuna kafin mu sake buɗe maganarsa a nan.